Safiyar da Motar Kaka Ta Ƙi Tashi

Abin da na fara gani da muka sauka daga kan babur a ƙofar gidan Kaka shi ne motarsa, a inda ba wurinta ba. Tana ƙarƙashin darbejiya, gabanta na kallon tudu, bayanta ya kusa jingina da katangar maƙwabta. Tayoyinta sun nutse a laka, lakar ta bushe a jikinsu. A ƙofofinta da gilashin gefe akwai shatin tafukan hannu, manya da ƙanana, wasu ma na yara ne. Gangaren da take kwana a kansa tun ina ƙarama, mai tsakuwa, wanda ya miƙe ya nufi rafi, an shimfiɗa tabarmi a kai, maza suna zaune suna karɓar gaisuwa.

Ni da Umma ba mu sami jana'izar Kaka ba. Labarin ya iske mu a Kankara da hantsi, ina makaranta. Baba ya wuce shi kaɗai, mu kuma aka ce mu bari sai gari ya waye, don ba a bin hanyar ƙauyenmu, can gaba da Damari, idan rana ta karkata. Na hango Baba a cikin mazan, ya ɗago ya dube mu ya sunkuyar da kai. Na duba in ga Baffa, ƙanensa, autan Kaka, wanda ya kamata a ce yana zaune a gefensa. Ba ya nan.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida har bakin murhu. Iya, kakata, tana ɗakinta a kan tabarma da carbi a hannu. Duk wadda ta shigo ta ce mata ya haƙuri, sai ta ce da godiya, ba ta ƙara komai. Idonta a bushe yake. Na durƙusa na gaishe ta, ta dafa kaina ta ce na rame, kamar hutu na zo.

Na koma bayan ƙofa na zauna ina sauraron abin da mutane ke cewa. Wata tsohuwa ta ce yanzu ba ta san wanda zai riƙa kai mata waken suya kasuwar Sabuwa ba, sai ta ji kunyar abin da ta faɗa, ta rufe baki da gefen mayafi ta fashe da kuka. Wata ta ce bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa bai tsaya ba, ko da mota ta cika, sai dai a ɗora wani a cinyar wani. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono tun da daɗewa ta ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofa, ta ce ita ba ta iya dogon zance ba, amma ɗan da ke goye a bayanta a motar nan aka kusa haifarsa. Lokacin mutanen gari suna gudun zuwa ruga, har ana cewa duk wanda ya je can to da wata a ƙasa. Kaka ya je da rana tsaka, kowa na gani. A hanya motar ta mutu, ta ce da idonta ta ga ya sa baki a tiyo ya zuƙo mai ya tofar, yana ba ta haƙuri kamar shi ya jawo mata naƙudar.

Ban yi kuka ba sai da na je ɗauko buta na ga tsummansa rataye a ƙusa, a bakin ɗakinsa. Har yanzu warin gas yake yi.

Ƙannena ba su san shi sosai ba, ranar salla kawai suke ganinsa. Ni ce na tashi a hannunsa da Iya har na gama firamare. Shi ya sa nake son in ajiye abin da na gani, kafin in fara mantawa da yadda muryarsa take.

Mutanen gari suna ce masa Baba Direba. Ya yi tuƙin manyan motoci a ƙuruciyarsa, da ƙarfi ya ragu ya dawo gona, ya sayi wannan motar a gwanjo. Doguwa ce mai faɗin baya, a da fara ce. Gas take sha ba fetur ba, kuma tana da turbo, wani abu kamar katantanwar ƙarfe a gefen inji da ke tura iska ciki, shi ke sa ta yin ɗan fito idan tana hawa tudu. Daga rafi ake jin fiton nan, Iya ta tashi ta ɗora ruwan alwala. Ita kaɗai ce mota a ƙauyenmu. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai amarya, ita ke kai mara lafiya.

Idan ya dawo daga tafiya ba ya kashe ta nan take. Zama yake yi a ciki da carbinsa, inji na aiki a hankali, tuwo na hucewa a akushi. Iya ta yi ta mita daga cikin gida, tana cewa mai yana ƙonewa a banza shi kuma yana hira da uwar ɗakinsa. Ya ce mata turbo ya yi zafi, ko bijimin da ya wuni yana huɗa ba a kwance shi a tura shi turke yana haki. Ta ce to ya kwana a can. Kullum sai sun yi wannan, kuma kullum sai ta ƙara ɗumama masa miyar.

Ni Bebiya yake ce mini, saboda ba na magana a gaban mutane. Yakan ce da zai sayar da ni a kasuwar Faskari da an dawo masa da ni an ce rediyon ba batir. Amma ya ba ni aiki, kuma ban taɓa ganin ya ba wani ba. Motar tana da wuyar tashi da safe, musamman da damina. Bayan ya dawo daga masallaci gari ya yi haske, sai ya buɗe murfin inji ya sunkuya, ya ba kowa baya, ya yi ɗan abin da zai yi. Ya shiga ya murɗa makulli rabi, ya jira wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta mutu. Ya ce hita ce ke ɗumama cikin inji, kuma salati ɗaya a natse ya ishe ta. Ni kuwa ina tsaye a baya kusa da salansa, inda hayaƙi ke fita. Idan ya murɗa sai ya leƙo ta taga.

"Bebiya, mi kika gani?"

"Fari, Kaka."

Wani lokacin baƙi, wani lokacin shuɗi-shuɗi, wani lokacin ba komai. Ina jin a duk ƙuruciyata waɗannan ne kalmomin da na faɗa da ƙarfi. In na yi a hankali sai ya ce bai ji ba, ko da ya ji.

A wurinsa kowane hayaƙi da abin da yake nufi. Fari da sanyin safiya, mai ya iso amma ciki bai yi ɗumi ba, a duba hita. Shuɗi, tana cin baƙin mai. In kuwa inji na juyawa da ƙarfinsa amma ba hayaƙi ko kaɗan, to mai bai iso ba sam, ko an wuni ana murɗa makulli batir kawai za a kashe. Kafin hayaƙi ma akwai kunne. In aka murɗa aka ji ƙyas kawai, ko inji ya juya da nauyi kamar mai ciwon baya, to a fara da batir da kawunansa. Haka yake bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Yana jin haushin mutumin da zai fara kwance inji bai saurare shi ba.

Mutane na kawo masa injin niƙa da injin ban ruwa da babura. Ba ya taɓawa sai ya sa mai abin ya tayar a gabansa, shi kuma ya rufe ido ya karkata kai. Akwai wani mai sayen hatsi daga Yargoje da ya kwana a garinmu da mota irin tasa, da safe ta ƙi tashi. Hankalinsa ya tashi, ya ce dama an faɗa masa turbo ya kusa mutuwa, shi ke nan ta faru. Kaka ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce masa lokacin da ake murɗa makulli turbo barci yake yi, sai inji ya tashi hayaƙi ya tashe shi, don haka a daina ɗora wa mai barci laifi. Ya aike ni wurin Iya na karɓo ruwan zafi da ɗan kanwa, ya wanke farin garin da ya taru a kan batir, ya ɗaure da kyau. Mota ta tashi. Iya ta ce a faɗa wa baƙon kanwar miyarta ce ta yi aikin, ba tsohon ba.

Akwai wani hali nasa da ba zan ɓoye ba, don in na ɓoye ba shi na rubuta ba. Kaka yana son a buƙace shi. Zai yi maka aiki da zuciya ɗaya, amma ba ya son ya nuna maka yadda aka yi har ƙarshe. Da idonsa ya fara rauni Baffa ne ya karɓi tuƙi, shi ke zuwa kasuwa shi ke zuwa asibiti. Duk da haka tayarwar safe ta Kaka ce. Sai ya tada ta, ta yi ɗumi, sannan ya fito ya bar wa Baffa kujera. In Baffa ya matso yana leƙen abin da yake yi a cikin inji sai ya ce ya tare masa haske. In aka tambaye shi dalilin da kullum sai ya juya gabanta gangare kafin ya kashe, sai ya ce kallon rafi take so. Mutane su yi dariya, magana ta wuce.

A kan wannan suka yi faɗa da Baba, wata kaka da aka gama yankan dawa. Baba ya ce motar nan ta girmi Baffa, ko dai a sayar ko a kai ta Faskari a yi mata gyara na gaske, kuma ya kamata ya sakar wa yaron nan abin da ya sani tun yana da ƙarfi. Kaka ya ce wanda ya bar gona ya koma birni ba shi zai koya masa riƙon gida ba. Ya ce in ana jiran ya mutu ne a faɗa masa. Ranar bai ci tuwo ba. Da safe ya loda wa Baba buhunan masara da gero da hannunsa, ya kai shi tasha da kansa, bai ce masa uffan ba har suka rabu. Da ya dawo na gan shi zaune a mota ya daɗe fiye da kullum. Da ya fito ya ce mini ubana yana da gaskiya amma bai iya faɗarta ba, kuma kada in kuskura in faɗa masa. Ya san ba zan faɗa ba.

Gwaggo ce ta ba ni labarin safiyar da ya rasu, muna wanke kwanonin baƙi a bayan ɗaki. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ya ƙi asibiti ya ce sauƙi na zuwa. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa har daga rugage, zaure ya kasa ɗaukarsu. Ga ruwa ana yi, ƙofar gida duk laka, babu wuri busasshe sai gangaren nan mai tsakuwa inda mota take. Baffa ya ga dattawa suna tsaye da takalma a hannu, sai ya saki birki ya gangara da ita ta tashi, ya zagayo ya ajiye ta ƙarƙashin darbejiya, ya shimfiɗa musu tabarmi. Kowa ya sa masa albarka. Kaka yana ciki bai sani ba. Ta yi kwanaki a wurin.

Ranar, ana fitowa daga sallar asuba numfashinsa ya fara sarƙewa. Aka ɗauko shi aka kwantar a kujerar baya, Iya ta ɗora kansa a cinyarta. Baffa ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya fita ya danna ɗan famfon mai kamar yadda yake hango Kaka na yi, ya dawo ya sake murɗawa. Ya yi ta yi har batir ya fara ja da nauyi. Mutanen masallaci suka taru a kan turi, har yara. Gaba tudu ne ga laka, baya katanga. Gwaggo ta ce Kaka yana ta ɗaga yatsa yana nuna wajen inji, bakinsa na motsi, Iya ta kai kunnenta amma iska kawai ke fita. Da batir ya mutu gaba ɗaya aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na rungume da shi. Ba su kai asibitin Sabuwa ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, a gaban mutane, Baba ya dubi Baffa ya ce duk shekarun nan yana tuƙa mota ashe ko tada ta bai iya ba. Bai ɗaga murya ba, in ji Gwaggo, amma kowa ya ji. Tun daga lokacin Baffa bai zauna wurin karɓar gaisuwa ba. Yana bayan gida wajen rumbuna, abincin da aka kai masa kaji ke ci. Ya faɗa wa Gwaggo cewa da an yi sadakar bakwai kudu zai tafi neman aiki, ba zai sake riƙe sitiyari ba, ba zai iya wucewa ta ƙofar gidan nan kullum ba. In ya tafi babu namiji a gidan, ga Iya cikin takaba, ga masara ta fara bunƙasa a gona. Tun da Iya ta ji labarin, duk wanda ya shigo daga bayan gida sai ta bi shi da ido.

Ranar sadakar uku aminin Kaka ya zo daga Faskari. Tsohon makanike ne, tare suka yi yawon manyan motoci, muna ce masa Baba Makanike. Ciwon ƙafa ya hana shi zuwa da wuri. Bayan an shafa addu'a an raba gumba, ya tashi da sandarsa ya zagaya motar yana kallon shatin hannayen nan. Baba ya bi shi ya ce turbo ne ya gama aiki, masu sayen ƙarfe za a kira su ɗauke ta, don ba mai son ganinta. Baba Makanike ya ce a bari ya ji ta bakinta tukuna. Wasu suka ce bai dace a taɓa inji ana zaman makoki ba. Liman ya ce bai ga laifi ba, in ta tashi wani mara lafiyar za ta ɗauka. Sai tsohon ya ce wanda ya murɗa makulli ranar shi zai murɗa yau, a kira shi.

Ni aka aika. Na iske Baffa zaune a gindin rumbu, ya zuba wa ƙasa ido. Na ce Baba Makanike na kira. Ba a ƙin kiran aminin uba, ya tashi ya biyo ni.

Aka aro batir daga wurin mai cajin waya. Baba Makanike ya goge kawunan ya ɗaure, ya sa Baffa ya murɗa rabi, ya leƙa ya ga fitilar hita ta kama ta mutu. Ya ce ya murɗa duka. Inji ya juya da ƙarfi, bai kama ba. Ya ɗaga hannu a tsaya, ya tambaya ko wani ya lura da hayaƙi. Ban san lokacin da na je bayan motar na tsaya ba.

"Babu ko kaɗan," na ce.

Ya juyo ya dube ni da idonsa ɗaya da ya rage yana gani. "Ke ce mai hayaƙin? Ya ba ni labarinki, ɗiyata."

Ya danna famfon da babban yatsa ya ce laushi gare shi kamar ba komai a ciki. Ya sassauta wani ɗan noti a kan filtar mai, ya ci gaba da dannawa, sai ga kumfa na fitowa maimakon mai. Ya ce iska ce ta cika hanyar, kuma in ba a buɗe notin nan ta fita ba, ko an wuni ana danna famfo aikin banza ne. Na ga Baffa ya ƙura wa notin ido. Bai taɓa sanin ana buɗe shi ba. A daidai nan ne Kaka ke ba mu baya.

Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya bi tiyon mai da yatsu ta ƙasa, har ya tsaya a wani wuri da aka naɗe da robar tayar keke. Na gane ƙullin, irin wanda Kaka ke yi wa bakin buhu ne. Da ya warware sai ga 'yar tsaga, ba ta kai tsawon farce ba. Ya ce mai ba ya zuba ta nan, shi ya sa ba a gani, iska ce ke shiga. In mota ta kwana sai mai ya sulale ya koma tanki a baya. In gabanta na gangare tanki ya fi inji tsawo, mai ya zauna inda yake. Ya dubi tudun da take kallo, ya dubi gangaren da aka shimfiɗa tabarmi.

"Wa ya juyo da ita nan?"

"Ni ne, Baba," in ji Baffa.

Na ji wani ya ja numfashi yana salati. Baba Makanike ya jawo jakarsa ya zaro sabon tiyo a naɗe, har ƙura ta hau kansa. Ya ce tun kakar bara ya ga tsagar nan ya faɗa wa amininsa, Kaka ya ce ya nemo masa sabo zai zo ya karɓa. Ya nemo ya rataye a gareji. Kaka ya ce sai an gama shuka, sannan ya ce sai ruwa ya ɗauke. Shi kuma duk ranar kasuwa sai ya ce zai ba wani direba ya kawo, sai ya ce bari dai ya zo da kansa su yi hira. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Ya juya wajen Baba. "Turbo lahiyarshi ƙalau. Yaron nan kuma wuri ya ba baƙin ubanshi su zauna. Ni na san da tsagar, mai motar ya sani, ba wanda ya faɗa mashi. In akwai mai tambaya ya tambaye ni. Kwana kuwa na Allah ne."

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi a cikin mutane ba.

Aka sa sabon tiyo. Baba Makanike ya kama hannun Baffa ya ɗora a kan notin, ya sa shi ya sassauta da kansa, ya danna famfo har kumfa ta ƙare mai ya fito tas, ya ɗaure. Baffa ya shiga ya murɗa. Fari ya fito, baƙi ya biyo baya, motar ta girgiza ta kama. Tsohon ya ce ya ɗan taka, sai ga fiton nan siriri.

Hirar mata a cikin gida ta yanke. Can sai muka ji kukan Iya. Tun ranar rasuwar ba ta yi ba sai lokacin. Baffa ya fito ya bar ƙofa a buɗe, inji na aiki, ya bi ta bayan gida.

Da yamma Baba ya karɓi akushin tuwo daga hannun Gwaggo ya kai masa da kansa. Ban san abin da suka ce ba. Sun daɗe, Baba ya fito idonsa ja, akushin kuma an ci rabi. Na ɗauka magana ta ƙare. Amma da na shiga share ɗakin Baffa washegari na ga jakarsa a ɗaure a bayan ƙofa, takalmansa na fita a kanta.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa abin da ya riƙe bai faɗa ba, ya saka masa da duk wanda ya ɗauka a hanya. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba Iya haƙurin zama a gidan da babu shi.

Ranar da za mu koma Kankara saboda makaranta, Umma ta ce a kira masu babur tun da hantsi. Na ce mata ina zuwa. Baffa yana gindin rumbu yana wasa fartanya, ban san ko don gona ba ne ko don ya sami abin yi da hannunsa. Na gaishe shi na zauna a kan turmin da ke kife. Ya ce in yi karatu da kyau, in riƙa zuwa ina duba Iya da hutu. Na ce to. Ya ci gaba da wasawa. Ina ta jujjuya maganar a bakina kamar malami ya tashe ni a aji. Na ji Umma na kiran sunana daga tsakar gida. Baffa ya ɗago ya ce in tafi kada mu yi rana.

Ban tashi ba.

"Baffa," na ce, "don Allah ka kai mu Kankara da motar Kaka. In ka sauke mu kuma ka dawo da ita gida, Iya ta ji shigowarka."